Hanyar da Basile Ya Kauda

Basile yana durƙushe a gindin katangar dutse, ya ja farin layi da fenti yana shirin ɗora jan a ƙarƙashinsa, sai ya ji murya a bisa kansa.

"Bawan Allah, wa ya ɗauke ka aikin yi wa katangarmu kwalliya?"

Ya ɗaga ido. Wata budurwa ce ta leƙo daga cikin gona, almakashin datsar inabi a hannunta, rana ta ƙona mata hanci. Sai da fenti ya ɗiga masa a takalmi kafin ya tuna yana da baki.

"Alamar hanya nake sabuntawa, kada matafiya su ɓata."

"To ai ta karkace."

"Daidai take, sai da kika yi magana."

Ta yi dariya, ta ce sunanta Solène. Shi kuwa kafinta ne a garin Cahors, amma ranakun hutunsa ya ba ƙungiyar masu tafiyar ƙafa kyauta. An damƙa masa kilomita goma sha huɗu: daga tsohon cocin ƙauyen Lavernac, ta cikin kurmi, ta tsakiyar gonar inabin su Solène, har gangaren kogi. Alama takan yi shekara uku ba ta dusashe ba. Ta katangar nan dai, a watannin nan kaɗai sau shida Basile ya sabunta ta.

Ba a jima ba waya ta ɗauki zafi.

"Mai fentina, yau ma alamar ta karkace?"

"Sosai, kurciyata. Ƙarfe huɗu zan zo gyara. Ki taho da cukun nan na jiya."

Mahaifinta, Baba Firmin, mutum ne mai faɗa kamar an biya shi. Tun da matarsa ta rasu shekara huɗu baya, ya kafa benci kusa da famfon da ke bakin hanyar, nan yake wuni. Duk matafiyin da ya ɓullo da jaka a baya sai ya sha nasa.

"Ku tattake min ƙasa, ku tsinke min inabi, ku kuma ce in yi murmushi a ɗauki hoto! Ranar da aka kwashe hanyar nan daga gonata, ranar zan yi barci."

Yana faɗa yana karɓar kwalabensu yana cika musu ruwa, yana tambayar daga ina suke, wa ya sayar musu da wannan mugun takalmi. Basile ya ji faɗan da kyau. Abin da hannun tsohon yake yi ne bai lura da shi ba.

Da ya je neman auren Solène, Baba Firmin ko kujera bai nuna masa ba.

"Kai ne mai shafa wa duwatsu jambaki? Kana da ko kuranga ɗaya ta inabi? Ga Octave nan, gonarsa tana jingine da tamu, ya san ƙasa tun yana rarrafe. Kai kuwa aikinka ka turo min baƙi."

Basile ya fito kunnuwansa suna zafi. A hanyar komawa dabara ta faɗo masa, irin wadda mai soyayya yake ɗauka hikima ce: zai ba tsohon abin da kullum yake roƙo. Bai gaya wa Solène ba, wai yana so ya ba ta mamaki. Duk lokacin sanyin nan ya yi ta zarya tsakanin shugabannin ƙungiya da ofishin magajin gari, har aka yarda hanya ta zagaya ta bayan kurmi. A watan Maris ya ɗauki burushin ƙarfe ya kankare alamominsa ɗaya bayan ɗaya, har da ta katangar. A mararraba ya zana gicciyen ja da fari, alamar nan ba hanya ba ce. Sannan ya zauna a kan dutse ya tura saƙo, yana jin kansa gwarzo.

"Kurciyata, ki ce wa Baba ya yi barcinsa. Daga yau ba mai sake taka masa gona."

Amsa ba ta zo ba sai washegari.

"Basile, me ka yi? Mutanen nan su ne hirarsa. Tun rasuwar Mama ba ya magana da kowa sai su. Me ya hana ka tambaye ni?"

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, ta kashe wayar.

Mayu ya zo, matafiya suka cika kurmi, amma ko ɗaya bai bi ta gonar ba. Daga kan tudu Basile yakan hango tsohon a bencinsa, ya sa hularsa, yana kallon mararraba. Wani lokaci muryoyi su taso daga cikin itatuwa, ya gyara zama, sai su yi nisa su ɓace. Girman kai ya hana shi cewa a mayar masa da hanya, tunda da bakinsa ya ce a kwashe. Basile ya yi nadama irin wadda take hana cin abinci.

Lokacin tsinkar inabi ya ga Solène a kasuwar Cahors, Octave yana riƙe mata kwando. Ya laɓe bayan mai sayar da zuma kamar ɓarawo har suka wuce.

A watan Oktoba ɓarin jikin Baba Firmin ya shanye. Ya dawo daga asibiti da sanda, magana tana fita da ƙyar. Likita bai ce kaɗaici ne ya jawo ba, Solène ma ba ta ce ba. Basile ne ya ce wa kansa, kullum.

Ya koma wurin ƙungiya ya roƙi a mayar da hanya. Shugabar ta cire tabarau ta dube shi.

"Kai ka tayar mana da hankali muka kauda ta. An riga an buga sabuwar taswira. Sai dai ka rubuta, a duba a taron baɗi."

Ya rubuta. Amma baɗi da nisa ga mai sanda.

Ran Lahadi ya goya jaka, ya ɗauki kwalba babu ruwa, ya tashi daga cocin Lavernac da ƙafa. Ya wuce gicciyen da ya zana da hannunsa, ya ɓullo gaban benci. Tsohon yana nan, an lulluɓe masa gwiwa da bargo.

"Barka da hutawa, Baba. Matafiyi ne, ko zan samu ruwa?"

Baba Firmin ya daɗe yana kallonsa. Ya miƙa hannun da ke aiki, ya karɓi kwalbar, ya tara a famfo, rabi yana zuba a ƙasa. Ya nuna ƙafar Basile da sanda.

"Takalmin... banza."

"Gaskiya ne, Baba."

Haka ya riƙa yi kowace Lahadi, cikin ruwan sama da cikin sanyi. Wata rana a zage shi kan jaka, wata rana kan gemu. Solène tana gani ta taga, ba ta fitowa. A Lahadi ta shida saƙon Solène ya shigo yana gangarawa kogi.

"Yau tun ƙarfe bakwai ya sa in aske masa gemu, wai yana da baƙo. Na gaya wa Octave ya daina zuwa. Ban huce ba tukuna, mai fentina, kada ka yi rawar kai."

Basile ya zauna a bakin hanya ya yi kuka.

Ana saura mako biyu Kirsimeti, tsohon ya cika kwalbar amma bai sake ta ba. Ya yi ta kokawa da harshensa.

"Kullum... waje. Shiga gida. Tana... ta dafa agwagwa." Ya ja numfashi. "Ka aure ta. Ka riƙa... tambayarta abu."

"Zan riƙa tambaya, Baba. Ka yafe min hanyar."

Tsohon ya kauda kai yana kallon mararraba.

Ya rasu a watan Fabrairu. Takardar amincewa a mayar da hanya ta iso mako uku bayan an binne shi. Basile ya karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, ya miƙa wa Solène.

An ɗaura aurensu a watan Yuni, a ofishin magajin gari, sannan a coci. Ƙanin mahaifinta ne ya riƙo hannunta. Aka jera tebura a tsakar gona, aka ci aka yi rawa, tsofaffin ƙauye suna sumbatar amarya suna yi musu fatan zuri'a da daɗewa tare. Da hayaniya ta lafa, Basile ya jawo ta gefe.

"Kurciyata, da na tambaye ki tun farko..."

"Da ya samu bazararsa ta ƙarshe da mutanensa," in ji ta. "Ba zan ce maka ba komai ba, don da komai. Amma Lahadi goma sha shida ka ba shi, kuma kowacce ya jira ta. Ni saboda su na aure ka."

Ta gyara masa furen da ke ƙirjin rigarsa, ta ja shi suka koma cikin mutane. Allah ya zaunar da su lafiya, ya jiƙan Baba Firmin.