Hantar da Ta Wuce Madurai

A asibitinmu na Madurai, wanda ya fara ajiye hantar mamaci cikin ruwan sanyi yana hura mata iskar oksijin ta jijiya, don ta jure doguwar tafiya kafin a dasa wa wani, shi ne marigayi Dakta Arumugam, a shekarar da aka naɗa ni shugabar ma'aikatan jinya. Daga hannunsa na karɓi aikin. Daga hannuna Thenmozhi ta karɓa, kuma ban taɓa koya wa wadda ta fi ta ba.

Ita ce na tarar durƙushe a gaban wata dattijuwa, a ƙofar ɗakin masu ciwon hanta, tana kiranta Amma, wato uwa a yarenmu.

"Amma, an gwada, jinina ya dace da nasa. Rabin hantata ya ishe shi. Hukuma ce ta ce sai ɗan'uwa na jini ko matar aure. Ki bari a ɗaura..."

Dattijuwar ta janye ƙafarta. Mahaifiyar Kathiravan ce, malamin makarantar da ke kwance a ciki, idanunsa sun koma ruwan ɗorawa. Shi da Thenmozhi sun daɗe suna son juna, uwar kuwa ta daɗe tana ƙi, wai asalinsu ba ɗaya ba ne.

"Gidanmu da gidanku ba a taɓa haɗa tukunya ba."

"Ban ce ki ci girkina ba, Amma. Ɗanki nake so ya rayu."

Dattijuwar ta leƙa ɗakin, ta dubi kumburarren cikinsa, ta ɗaga kai alamar ta yarda. Sai Valarmathi, 'yar kawunsa, wadda tun suna yara ake kiranta matarsa, ta matso a hankali.

"Gwaggo, kin manta watan da muke ciki? Aadi ne fa. Wa ya taɓa aure a Aadi ya ga alheri? Ga shi kuma wuƙa za a kai shi."

Bisa al'ada, gaskiya ta faɗa. Aurena ma an ɗage shi saboda Aadi, haka na mahaifiyata. Sai dai a lokacinmu babu ango da ke mutuwa. Dattijuwar ta ce to sai watan ya fita.

Thenmozhi ta shiga wurinsa.

"Mu je haikali mu biyu, Kathir. Ga zaren aure na saya. Wa zai sani?"

Ya yi murmushi da ƙyar. "Ki sace ni, sannan ki sa a yanka ni? Lallai kin cika 'yar fashi."

"Ba wasa nake ba."

"Thenu, zumata... ni kaɗai ta haifa, kuma mahaifina ba ya raye. In na ɗaura miki zaren nan a wuya ba da albarkarta ba, da wace fuska zan farka?"

"Ka dai farka."

"Watan ya kusa ƙarewa. Zan jira ki."

Jikinsa ne bai jira ba. Ana cikin haka aka sami hantar wani mamaci a Tirunelveli, aka ce tasa ce in ta iso da rai. Thenmozhi ta tafi ɗauko ta, na bi ta, don ban yarda da hannunta a ranar ba.

A hanyar dawowa, a cikin mota, ta zauna rungume da akwatin hantar, idonta a kan ma'aunin iska. Ƙananan kumfa na tasowa daga jikin hantar cikin ruwan sanyi.

"Kin gani, Sista? Tana numfashi. Ita ma sauri take ta same shi."

Mun wuce Virudhunagar, rana tsaka, wayata ta yi ƙara. Likitan tiyata ne. Jijiya ta fashe a cikin Kathiravan, jini ya ƙi tsayawa, ya cika. Ya ce kada mu shigo gari, mu zarce da hantar Tiruchi, wata mai goyo na jira.

A fuskata Thenmozhi ta karanta labarin.

Hannunta ya tafi kan makunnin iskar.

"In na rufe fa, Sista?"

"Ranar da aka ƙona gawar ƙanin Dakta Arumugam, shi Dakta yana kan wannan hanyar da akwati irin wannan. Bai rufe ba."

"Shi ƙani ya rasa."

"Na sani, 'yata."

Ta daɗe hannunta na wurin. Sannan ta ɗan juya makunnin, ta daidaita iskar, domin ta yi ƙasa kaɗan.

Muka ratsa ta bayan Madurai. Ga hasumiyoyin haikali, ga rufin asibitin da yake kwance. Direba ya rage gudu, yana dubanta ta madubi.

"Tafi, Yaya," in ji ta. "Kada ta ɗumama."

Ga abin da aka samu, ga abin da aka riƙe. Hanta ta isa Tiruchi da rai, matar ta koma ga jaririnta. An kiyaye Aadi, ba a ɗaura aure a cikinsa ba. Tukunyar dattijuwa ba ta haɗu da ta kowa ba, mutum ɗaya take dafa wa yanzu. Valarmathi ta auri wani da watan ya fita.

Thenmozhi kuwa tana da zaren aure mai ruwan kurkum a aljihun rigar aiki, da hantarta cikakkiya, ba a taɓa ko gefenta ba.