Murfin Randar Hajiya

"Ke! Me kike dubawa a ruwana?"

Murfin ya suɓuce daga hannun Ramlat, ya faɗi ƙasa.

Wallahi ba da gangan ta yi ba. Yau ce ranar farko da Abdulhakeem ya kawo ta gidansu na unguwar Al Khabaisi a Dubai ta gaida mahaifiyarsa, Hajiya Suwaiba. Ramlat ta shiga kicin don ta taya aiki, ta ga robar ruwa a gefe, hannunta ya ɗaga murfin da kansa. Shekara uku tana aiki da wata ƙungiyar agaji a Dubai, tana shiga gidajen marasa ƙarfi, kuma ko'ina ruwan sha take fara leƙawa, kamar yadda uwarta ta koya mata.

Ta durƙusa. "Ki yi haƙuri, Hajiya, sabo ne..."

Tsohuwar ta ƙura mata ido. "Wannan leƙen na san shi. 'Yar wa ce ke a Kano?"

"'Yar Sauda ce, ta Yakasai."

"Sauda Duba-gari?"

"Ita ce."

Hajiya ta dafa bango. Abdulhakeem ya shigo da sauri, ta juya gare shi.

"Babana, ka rasa wadda za ka kawo min sai 'yar matar da ta fasa min randa? Ina da ɗanyen jego, kana goye a bayana. Maza ba sa shiga gidan kulle, sai aka turo ta da farin kaya. Ta leƙa ta ce akwai tsutsa, ta mirgina randar aurena tsakar gida, maƙwabta na kallo! Shekara goma ana ce min Suwaiba mai tsutsa!"

"Hajiya, don Allah..."

"Khalas! Na gama magana."

Kwana tara Ramlat ba ta ci abincin kirki ba. Wa za ta kai wa ƙara? Ita da ke lallashin matan mutane kullum, ta rasa mai lallashinta.

Rana ta goma Abdulhakeem ya same ta a bakin shagonsa na kasuwar Murshid Bazaar, ana ta ɗaure kaya. Ya rame.

"Habibti, na roƙe ta har da kuka."

"Me ta ce?"

"Ta ce gudawa nake yi a lokacin, har an fitar da rai. Ummanki ce ta yi sati shida tana kawo madarar gwamnati da ruwan gishiri da sukari. Ta san da haka, ba ta musa ba."

"To, ai shi ke nan!"

Ya sunkuyar da kai. "Ta ce ta gode da raina, amma ba ta yafe randarta ba. In na aure ki, ba da albarkarta ba... Ramlat, ba zan iya ba."

Bayan la'asar ta kira gida. Ta tambayi Umma ko ta tuna wata Suwaiba mai jego.

"Mai jaririn nan kamar tsinke? Kullum sai ya faɗo min a rai. Bayan an canja min unguwa ban sake jin labarinsa ba. Ko kin ji wani abu? Ya rayu?"

Ramlat ta toshe bakinta da mayafi har kukan ya lafa.

"Ya rayu, Umma."

"Alhamdulillahi! Allah Ya ba shi mace tagari."

"Amin," in ji Ramlat.