Faifan da Yusha'u Ya Hana

Ran da Hasiya ta fara shigowa shagon, da faɗa ta shigo.

"Kai ne Yusha'u? An ce a duk kewayen Babbar Kasuwa kwamfutarka kaɗai ke fitar da haruffa masu ƙugiya."

Bai ɗago ba. "An faɗa miki gaskiya."

"Amma ba a faɗa mini ba ka amsa sallama ba."

Sai ya ɗago. Abin da ya gani ya sa ya amsa har da barakatuhu.

Rubutun mahaifinta ta kawo, Malam Husaini na Abakpa, babba a ma'aikatar ilimi. Tarihin nasa mahaifin ya rubuta, malamin allo a Unguwar Kanawa, yana so ya raba wa ɗaliban marigayin.

A 1994 kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Sauran shaguna da biro suke lanƙwasa su bayan an buga. Yusha'u kuwa zama ya yi ya zana nasa, ya ɗora su a kan q da x da v, tunda Hausa ba ta amfani da su. A na'urarsa ƙugiya ke fitowa. A ta wani, in ba a sa mata faifan haruffan ba, q da x da v ne tsirara. Faifan nan a aljihun rigarsa yake zama. Da shi yake cin abinci, ba ya ba kowa.

Hasiya ce mai duba gyara. Wata rana ta rubuta a gefen takarda: "Shafi na tara akwai kuskure. Kuma ka riƙa sakin fuska, sarkin fushi."

Ya mayar mata: "Na gyara shafin. Fuskar sai kin zo, Hasiyata."

Da ya tura kawunsa neman aure, Malam Husaini bai ja magana ba.

"Mai buga takardu a bakin kasuwa? Ga Zakari ɗan ƙanwata a sakatariya."

Maganar ta tsaya wa Yusha'u a rai. Tana nan a ransa Zakarin ya shigo shagon yana kaɗa makullin mota.

"Kawu ya ce a ba ni aikin. Ofishinmu an kawo sabuwar firinta."

Yusha'u ya kwafe masa rubutun. Hannunsa ya kai aljihu, ya taɓa faifan haruffan, ya dawo wayam.

"Shi ke nan?" in ji Zakari.

"Shi ke nan."

Zakari ya buga bai karanta ba, ya miƙa wa maɗaba'a. Sai ran rabo, a gaban dattawan da suka yi karatu wurin marigayin, Malam Husaini ya buɗe littafin. Ko layi ɗaya bai karantu ba. Ya rufe, ya roƙi mutane gafara.

Washegari Hasiya ta zo. Ba ta zauna ba.

"Ka sani."

"Shi ya zo ya karɓa."

"Ba tambayarka nake ba. Ka sani."

Ta matso gaban teburinsa.

"Da kakana ka yi faɗa, ba da Zakari ba. Mutumin da ke kwance a kabarinsa, me ya yi maka?"

"Ubanki ya ce ni..."

"Baba ya raina ka, na tsaya maka a gida har Mama ta daina yi mini magana. Yanzu ka nuna ya fi ni gani. Kar ka sake rubuto mini komai."

Ta fita. Ya so ya ji haushinta, ya rasa ta inda zai kama.

Ran Litinin ya tafi sakatariya. Aka bar shi a benci har azahar. Da aka shigar da shi wurin Zakari, ya ajiye faifan a kan tebur.

"Sa wannan a na'urarka. Rubutun zai dawo daidai."

Zakari ya juya faifan. "In na sa, masinjan ofishin nan ma sai ya kwafa. Kafin sallah kowane shago na da shi."

"Na sani."

"Saboda ita?"

"Sa, na ce, kafin in fasa."

Daga nan Abakpa ya wuce, ya durƙusa a zaure.

"Baba, da gangan na yi."

"Da gangan." Malam Husaini ya nuna masa ƙofa. "Tashi ka fita mini."

Aka sake buga littafin, ya fito tsaf. Haruffan Yusha'u suka bazu a gari, rabin masu kawo masa aiki suka watse. Zakari ne da bakinsa ya gaya wa kawun nasa abin da yaron ya rabu da shi, ya kuma janye neman.

Bayan babbar sallah Malam Husaini ya aika a kira kawun Yusha'u.

"Ɗanka baƙar zuciya gare shi. 'Yata ma haka. Su je su ƙarata."

A masallacin marigayin aka ɗaura, dattawan nan suka shafa fatiha. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuriya ɗayyiba, ya sanyaya zukata biyu masu zafi.

Da 'yan kai amarya suka watse, Hasiya ta ɗage mayafi.

"Har yanzu ina fushi da kai."

"Ki yi," ya ce, ya matso kusa. "Amma a nan za ki yi shi."