Ciwon Gidan Su Ari

A tashar jirgin ƙasa ta Kano Yakaka ta fara ganin Ari, a shekarar 1957. Innarta ce ta aiko ta daga Fagge da kwalin turaren wuta da za a kai Nguru, shi kuma shi ne ma'aikacin da ke auna kaya. Ya ɗora kwalin a sikeli, ya manta da duba nauyin.

"Wannan haɗin 'yan Barno ne," ya ce. "Rabona da jin sa tun gwaggona na da rai."

Ta sunkuyar da kai, amma da ya tambayi unguwarsu ba ta ɓoye ba. Kafin damina ta wuce, kekensa ya saba da ƙofar gidan Alhaji Mala, mahaifinta. Shi ya ce "Yaka tawa", ita ta ce "Yaya Ari", tana murza bakin mayafi.

Kyari ne ya dagula al'amarin. Ɗan ƙanin Alhaji ne, ya daɗe yana son ta, ita ko kallo bai ishe ta ba. Ya tono asalin Ari ya kawo wa Alhaji: kakansa, mahaifinsa da gwaggonsa, duk ciwon ciki iri ɗaya ya ɗauke su, zubar jini da rama, babu wanda ya kai ga furfura.

"Ba zan aurar da ke ki dawo mini da takaba ba," in ji Alhaji. "Kada in sake ganin kekensa."

Ari bai dawo ba, bai kuma aiko ba. Wannan shirun ya fi maganar Baba ci mata rai.

Wata la'asar ta kai wa wata mata turare a Sabon Gari, sai ga kekensa jingine a ƙofar wani gida. Yana tsaye da wata mace mai fararen kaya, ta riƙe masa hannun riga tana magana ƙasa-ƙasa. Yakaka ta ƙarasa wurinsu.

"Ashe nan ka koma."

Matar ta dube ta. "Ke ce Yakaka? Sannu, ƙanwata. Sunana Obiageli, nas ce ni, ni na yi jinyar babansa. Taimake ni da mai taurin kan nan."

Ta yi mata bayani da Hausarta ta 'yan Sabon Gari. Ciwon daji ne na babban hanji. A wasu gidajen yana bin jini daga uba ko uwa, ya kama wani ɗan ya bar wani. Da ƙananan tsiro yake farawa, in an gan su da wuri ana iya yin aiki. Likita ya daɗe yana neman Ari ya duba shi, ya ƙi zuwa.

"Tsoro nake ji, Yaka," ya ce, bai ɗago ba. "Na ga yadda Baba ya ƙare. In suka ce akwai, da wane ido zan dube ki?"

"Ni kuma in zauna ina firgita duk ranar da ka dafe ciki? Ka je, Yaya Ari. Ko me aka gani, ni ce ta farko da za ka gaya wa."

Ya je, aka kuwa gani. Tsiron suna da yawa, amma ba su rikiɗa sun zama daji ba tukuna. Sai an cire wani ɓangare na hanjin a babban asibiti can kudu, kuma likita bai yi masa alkawarin komai ba.

Ita ya fara gaya wa, daga wurinta zauren Alhaji ya wuce. Yakaka ta laɓe bayan ƙofa. Ta ji ya zayyana komai, har da cewa 'ya'yansa ma na iya gada.

"Ka san wannan maganar ta isa in kore ka har abada?" in ji Alhaji.

"Na sani, Baba. Gara ka kore ni da gaskiya."

Ba ta san lokacin da muryarta ta fita ba. "Baba, na ji duka, kuma shi nake so."

Can Alhaji ya ce, "In ka dawo da ƙafarka, ka turo manyanka."

Jirgi ya tafi da shi. Kyari ya yi ta zarya da tsaraba, tana mayar masa. Abinci ya daina shigarta. Duk kukan jirgin da ta jiyo daga tasha sai ta leƙa ƙofar gida.

Rannan da hantsi Obiageli ta faɗo gidan ko sallama ba ta gama ba, riƙe da takardar wayar tangarahu. Ta karanta da ƙarfi: "An yi aiki. Ina raye. A gaya wa Yaka tawa."

Yakaka ta durƙushe a tsakar gida tana kuka, Inna ta rangaɗa guɗa.

Ya dawo a rame, yana tafiya a hankali. Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan, ma'aikatan tasha da 'yan Sabon Gari suka cika layin. Da za a kai amarya, Alhaji ya kira su biyun, ya dafa kafaɗar Ari.

"Duk ɗan da Allah ya ba ku, in ya tasa, ni zan kama hannunsa in kai shi a duba. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku ga furfurar juna."

Yakaka ta ce amin cikin mayafi, ta ji ta Ari ta fi tata ƙarfi.