Ledar da Ba a Buɗe Ba

Ta tagar ɗakin magani ya fara ganinta, wata safiyar Talata da layi ya kai har bakin matakala. Ba ta bi layin ba. Ta gefe ta ɓullo cikin fararen kayanta na nas, ta dire ƙwaya ɗaya a kan katakon tagar kamar mai kawo ƙara.

"Jiya fara kuka ba mu, yau ruwan ɗorawa. Ni dai ba zan ba mutum abin da ban gane ba."

"Kamfani aka canza, Sista. Magani ɗaya ne."

"Nuna min kwalin."

Shekara huɗu yana aikin haɗa magani a asibitin nan, ba wanda ya taɓa cewa ya nuna kwali. Ya ɗauko, ta karanta gaba da baya, ta yi masa wani ɗan murmushi, ta juya. Sai da mutumin da ke gaban layi ya buga katako sau biyu kafin gogan naka ya tuna inda yake.

Mai Koren Biro ake kiransa, don da koren biro ma'aikatan ɗakin magani ke sa hannu a katin majiyyaci, kada rubutunsu ya cakuɗe da na likita. Ita kuwa tun daga ranar ya laƙaba mata Alƙaliya. Kafin wata uku wayarsa ta daina hutawa.

"Ɗan Korena, ka ci abinci ko har yanzu ƙwayoyin mutane kake gadi?"

"Alƙaliyata, hukuncinki nake jira. In kin ce in ci, zan ci."

"Na yanke. Ka ci, kuma ka turo shaida."

Wani tsari ake bi a ɗakin kwanciyar maza, wanda Babbar Sista, shugabar nas-nas ɗin wurin, ta kafa kuma ta tsare shi. Likita zai rubuta magani. Mai haɗa magani zai hau da ƙafarsa har gadon sabon majiyyaci, ya buɗe ledar magungunan da ya zo da su daga gida, ya duba ko akwai wanda ba ya jituwa da sabon. Nas ba za ta ba da ko rabin ƙwaya ba sai ta ga koren sa hannu. Kowace safiya kuma su tsaya minti goma a bakin ƙofa, kowa ya faɗi abin da ya gani. Mai Koren Biro yana son tsayuwar nan, don dai tana wurin. Abin da ya ɓata masa ita, Dogo ma yana wurin.

Dogo likita ne matashi, ga kyau ga baki, kuma ɗan aminin mahaifinta. In ya yi barkwanci ta yi dariya, sai Mai Koren Biro ya ji kamar an watsa masa barkono a ƙirji. Har ƙirga dariyar yake yi: jiya sau biyu, yau sau huɗu. Bai taɓa tambayarta komai ba. Cika kawai yake yana batsewa, ya koma ƙasa ya huce a kan kwalaye.

Abin ya ƙara dagulewa ranar da ya je gaida Abbanta, tsohon shugaban makaranta mai kallon mutum ta saman tabarau.

"Wato kai ne mai ƙirga ƙwayar," in ji Abba. "Sana'a ce, ba laifi. Amma ni tuni na yi wa 'yata sha'awar likita sukutum, kuma ɗan gida."

"Haƙuri za ka yi," ta ce masa da ta rako shi. "Abba dutse ne, amma ni na san inda ake bi masa."

"Ko kuma kin fi son kada a bi ɗin."

Ta dube shi, ta girgiza kai, ta koma ciki.

Ana haka tari da zazzaɓi suka kwantar da Abba, aka ba shi gado a ɗakin maza. Dogo ya rubuta masa magani mai ƙarfi na ciwon huhu. Mai Koren Biro ya hau da kati a hannu, ya shirya gaisuwa mai kyau a bakinsa. Daga bakin ƙofa ya hango su. Dogo zaune a kujerar gefen gado, Abba riƙe da hannunsa, Alƙaliya tana zuba ruwa a kofi tana dariya.

"A'a, mai magani ne?" Abba ya ce. "Kada ka wahalar da kanka, ɗana ya riga ya duba komai."

Ɗana. Kalmar ta soke shi. Ga leda baƙa a ƙulle a kan lokar gefen gado, ya gan ta sarai da idonsa. Taku uku ne tsakaninsa da ita, amma kafin ya kai gare ta dole sai ya ratsa ta gaban Dogo, ya sunkuya kamar ɗan aike suna kallonsa. Ya yi sannu, ya fita. A baranda ya jingina katin da bango ya sa hannu.

Saƙonta ya same shi a matakala. "Ɗan Korena, ka zo ko zama ba ka yi ba?"

"Na ga kujerar da mai ita," ya amsa, ya kife wayar.

Rana ta uku, da azahar, Babbar Sista ta zo da tiren magani. Ta ga jini a hankicin Abba, ta ga shatin baƙi ya bazu a hannunsa inda aka yi masa allura. Ta mayar da ƙwayar kan tire. Ta kira Dogo, ta kira ɗakin magani, ta sa aka ɗebi jini aka ruga da shi ɗakin gwaji. Da suka iso ta kwance ledar da kanta, ta zazzage a kan gado. Ƙarƙashin maganin tari da na hawan jini sai ga wani ɗan fallen ƙwayoyi ba kwali.

Kallo ɗaya Mai Koren Biro ya yi masa, ya gane ko mene ne.

"Maganin tsinka jini ne. Shi da wanda muke ba shi ba sa haɗuwa, jinin tsinkewa yake ya wuce ƙa'ida. Dakta, a tsayar da duka biyun. Bari in kawo makarinsa."

"Wanne za mu sa a madadin na huhun?" Dogo ya tambaya, ba girman kai ko kaɗan.

Kafaɗa da kafaɗa suka tsaya a kan kati ɗaya, wannan na faɗa wancan na rubutawa, Babbar Sista na maimaita kowane adadi da ƙarfi kafin a zuƙa a sirinji. Alƙaliya, wadda doka ta hana ta yi wa mahaifinta aiki, tana jikin bango hannu a baki. Kafin la'asar jinin ya tsaya.

"Laifina ne," Abba ya ce da rauniyar murya. "A wani asibiti aka ba ni bara saboda zuciya. Ban so yarinyar nan ta sani ta tayar da hankalinta."

"Ni ma da nawa," in ji Dogo. "Na tambaye shi sama-sama, ya ce babu, na yarda."

Kowa ya ɗauki rabonsa, kuma ba wanda ya waiwayi Mai Koren Biro. Da ya yi shiru, shi ke nan an wuce wurin. Ya dubi Alƙaliya, ya san abin da zai faɗa zai iya raba su har abada.

"Ban buɗe ledar ba. Na gan ta, na sa hannu ban buɗe ba."

"Dalili?" Babbar Sista ta tambaya.

"Kishi," ya ce.

"Ikon Allah! An ce kishi kumallon mata, ashe maza ma na amai. To rahoto za ka rubuta, kuma gobe da bakinka za ka faɗa wa kowa a bakin ƙofa. Daga yau ba a buɗe leda sai a gaban nas, mutum biyu su gani."

Alƙaliya ta matsa bakin gadon. Ta gyara wa mahaifinta bargo, ta juya wa Mai Koren Biro baya.

Kwana tara ba kira ba saƙo. Ya faɗi laifinsa a gaban abokan aiki, ya karɓi takardar gargaɗi, ya rame kamar wanda ya yi jinya. Kullum yana hawa yana buɗe ledojin mutane, tana tsaye a gefensa a matsayin shaida, ba abin da ke haɗa su sai sunan magani. A rana ta goma saƙo ya shigo.

"Wata biyar ke nan da na ba Dakta haƙuri, ya karɓa kamar ɗan halak. Ka taɓa tambayata? Kai da aikinka tambaya ce. Na yi fushi don ka kusa raba ni da Abba, na kuma yi kuka don na ga ba ka ɓoye ba. Har yanzu ina fushin. Abba na nemanka gobe da hantsi. Ka sa shuɗiyar rigar nan."

Ya karanta sau shida, ya rubuta, "Alƙaliyata, duk hukuncin da kika yanke na ɗauka." Ba ta amsa ba, amma ya ga alamar ta karanta.

Ya tarar da Abba a falo, ya ɗan murmure, tabarau a kan hanci.

"Shekara talatin ina tambayar yara wa ya fasa taga," tsohon ya ce. "Ba kasafai nake samun mai ɗaga hannu ba, balle in ba wanda ya gan shi. Ni ma da bakina na kore ka daga ledar nan, ban manta ba. Wannan kishin naka fa?"

"Ina maganinsa, Abba."

"Ka dage, don ba a sallamar mai shi da wuri. Turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, Dogo na sahun gaba cikin abokan ango, Babbar Sista na share hawaye tana cewa ƙura ce ta shigar mata ido. Da za a tafi da amarya, Abba ya kama hannunta ya sa a cikin na angon, ya daɗe bai saki ba.

"Raina ya taɓa kasancewa a hannunka, ka yi sakaci, ka kuma faɗi gaskiya. Yau ga abin da ya fi min raina. Ita kada ka yi sakaci da ita ko sau ɗaya. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Ya buɗe baki zai ce amin, sai aka riga shi. Alƙaliya ce ta matse yatsunsa, ta amsa musu su biyu.