Motar Amarya Ba Ta Tsayawa

Hashim ya shigo tsakar gidansu na Tasawa yana dariya har da riƙe ciki. Ƙanwarsa Mardiya tana tankaɗe, gwaggonsu Lalla, wadda ta riƙe su tun rasuwar mahaifinsu, tana zaune bisa tabarma.

"Gwaggo, albishirinki! Surukinki Almustapha ya sayi mota. Okaziyo ce, ta hannu, tsohuwa tukuf, kuma ba ta shan esansi, ko ɗigon mai. Kuran take sha, wutar lantarki, kamar wayar salula!"

Mardiya ta ajiye rariya. "Yaya, kai da motarka kat-kat kullum kana layi a gidan mai. Shi rana ce ke cika mashi batir."

"To, madam, in injinta ya yi gardama cikin yashi fa? Wane makanike ya taɓa buɗe irinta a ƙasar nan?"

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Almustapha, wanda zai auri Mardiya, ma'aikacin famfunan hasken rana ne a Mayahi, mutum mai natsuwa da sanin aikinsa. A Maraɗi ya sayi motar, kuma tun ranar farko ya ji wani siririn kuka daga akwatin da ke kai ƙarfin injin zuwa ƙafafu. Da ya zo gaisuwa, Gwaggo ta tambaye shi lafiyar motar, ya gaya mata abin da ya ji, da abin da yake shirin gyarawa.

Fuskar Gwaggo ta sauya. A gidansu akwai al'ada: motar amarya ba ta mutuwa a hanya. In ta mutu, a juyo da amarya, auren ba shi da ƙafa. Ita kanta, ranar da aka kai ta, motarsu ta lalace a daji, mata suka ce a daure a ƙarasa, auren bai kai damina biyu ba.

"Yaro, ji ni da kyau," in ji ta. "Ko dai ka sayar da wanga abu, ko a ɗauki ɗiyata cikin motar Hashim."

Kafin ya buɗe baki, Mardiya ta amsa daga bakin ƙofa, idonta cike da hawaye. "Gwaggo, ki gafarce ni. Motar mijina zan shiga. In ban yarda da abin da hannunsa ya gyara ba, da mi zan yarda a gidansa?"

"Haka kika ce? To, in ta mutu a hanya, da hannuna zan juyo da ke. Ba kuma za ki sake komawa ba!"

Almustapha bai yi musu ba. Ya koma Mayahi ya duƙufa. Ya zubar da tsohon man akwatin, ya tarar da ɗan garin ƙarfe a ciki, ya aika Yamai aka nemo masa sabon boris, zoben ƙarfen da ya cinye yake kukan. Ya canza robar kardan, sandar da ke juya ƙafafu, wadda yashi ya cinye. Sa'annan ya loda buhunan hatsi a kujerar baya, nauyin mata huɗu masu ƙiba, ya riƙa bin hanyar Tasawa da su, ya je ya dawo, yana saurare. Mutanen kasuwa suka sa wa motar suna Kurma, don ba a jin rugugin injinta. Hashim kuwa duk inda ya gan shi sai ya ɗaga murya: "Injiniya, yaya malad ɗinmu, ta ji sauƙi?"

Wata rana da ya kawo wa Mardiya goro, ya nuna mata allon gaban matuƙi. "Kin ga wannan koriyar fitila? Muddin tana kunne, motar tana da rai, ko da ba ki ji motsinta ba."

"Kamar mai ita ke nan," in ji ta, tana murmushi.

Ranar ɗaukar amarya, bayan azahar, aka sa Mardiya a baya cikin lulluɓi, mata biyu na gefenta. Gwaggo ta zauna gaba, kusa da Talle, abokin ango, wanda ke tuƙi. Motocin dangi suka biyo baya da oda da guɗa. Kurma ta ratsa yashi ba tare da ko tari ba, Gwaggo tana riƙe da tasbaha.

Gab da Kanan-Bakashe, garken raƙuma ya fito yana tsallaka hanya. Talle ya taka birki. Motar ta tsaya, shiru ya rufe su. Babu rugugi, babu girgiza.

Gwaggo ta kasa kunne. Duk motar da ta taɓa shiga a rayuwarta, in ta tsaya tana da rai, kujera takan yi rawa. Ta dafa ƙirji.

"Innalillahi! Ta mutu! Ban faɗi ba? Ta mutu!"

"Gwaggo, raƙuma ne..." in ji Talle.

"Rufe mani baki! Ni za ka koya wa mota?" Ta buɗe ƙofa ta diro cikin yashi, tana ɗaga hannu. "Hashim! Kawo motarka, a juya da ita!"

Hashim ya taho da gudu ya buɗe ƙofar baya. "Fito, ƙanwata. Se fini, an gama."

Amarya ba ta magana a hanya, kowa ya san haka. Mardiya ta ɗan ɗaga lulluɓinta, ta leƙa ta kan kafaɗar Talle. Koriyar fitila tana nan kunne.

"Ba zan fita ba, Yaya. Ba ta mutu ba. Jira take yi."

Raƙumi na ƙarshe ya wuce. Talle ya ɗaga ƙafarsa, Kurma ta silale gaba a hankali kamar jirgin ruwa, ta bar Gwaggo da Hashim tsaye baki buɗe. Talle ya ɗan matsa ya tsaya, ya leƙo. "Gwaggo, za ki zo, ko mu gaida maki Mayahi?"

Mata suka fashe da guɗa. Gwaggo ta tako a hankali, ta zagaya motar, ta ɗora tafin hannunta bisa ƙarfen, ta daɗe tana jin shirun. Sa'annan ta shiga ta ja ƙofa.

A ƙofar gidan ango, ita da kanta ta kama hannun Mardiya ta miƙa wa dangin Almustapha. Ta dube shi yana durƙushe a gabanta.

"Tashi, ɗana. Ka gaya mani ciwon motarka tun ban gani ba, ka kuma yi mata magani. Wanda ya riƙe ƙarfe haka zai riƙe mutum." Ta juya wajen mata, ta ɗaga kai. "Ku shaida, ni ce na fara shiga gaban wagga mota a duk danginmu!"

Ya ku matasa, ku lura da wannan. Almustapha bai ɓoye aibin abinsa ba, bai kuma rama gori da gori ba. Ya yi haƙuri ya gyara. Mardiya ta san wanda ta zaɓa, shi ya sa ba ta fita ba ranar da kowa ya ce ta fita.