Bel ɗin Injin Surukina

Da magariba na koma ɗakin injin niƙa ɗauko tabarauna da na manta a kan taga. Injin na marigayi ƙanena ne. Yanzu mijin 'yata ke riƙe da shi, mutumin da bai san komai ba sai ƙarfi.

Da rana na gan shi yana ɗaure bel, wato robar da ke juya injin. Ya sa ƙarfe ya banƙare, ya ja, ya ƙara ja, har robar ta miƙe kamar sanda. Na ce masa ana danna tsakiyarta da babban yatsa, ta lotsa faɗin yatsa ɗaya. In ta wuce haka za ta riƙa zamewa, in ta kasa kuwa injin ne zai sha wuya.

"Baba, ku je ku huta," ya ce. "Inji ba littafi ba ne."

Sakarai.

Da na shiga da magaribar, na tarar da shi yana shara, injin a kashe. Ɗakin na warin dizal da gari. Sai warin roba mai ƙuna ya taso.

Bel ɗin ya fara wani siririn kuka. Ba abin da ke juyawa.

A kan garin da ya rufe robar, shatin yatsa ya fito. Dogo. An danna, ba ta lotsa ba.

Aka yi tsaki daga lungu.

"Mu ma da shi muke niƙa," wata murya ta raɗa. "Wane jaki ne ya shaƙe shi?"

Surukina ya buɗe baki, ba sauti. Ya kama wuyansa, ya durƙusa, idanu waje.

"Bari ya ji yadda injin ke ji," in ji muryar.

Na lalubo sifana don in kwance notin da ke riƙe da bel ɗin. Notin ya ƙi motsi. Wawan ya ɗaure shi da dukan ƙarfinsa. Na tuna 'yata da tsohon cikinta, na taka sifanar da ƙafa.

Notin ya juya.

Na sassauta. Na danna robar. Da saura.

Na ƙara. Faɗin yatsa.

Surukina ya zuƙi iska yana tari.

Kusa da yatsana, wani yatsa mai sanyi ya danna robar.

"Haka," aka ce.

Na jawo surukina waje ban waiwaya ba. Tabarau na bar musu.

Har yau akwai baƙin zobe a wuyansa, daidai faɗin bel, kuma ba ya sa maɓallin wuyan riga. Kullum da safe yana danna robar da yatsa, yana gaya wa masu kawo niƙa wai shi ya gano dabarar. Ba na tanka masa. Da ƙanena yana nan, da mun yi dariya tare.